Yarinyar da kaji kaɗai ke gani

Shekarar da maigidana ya rasu, ɗiyata ta fari tana lise, babbar sakandare, a nan Konni, saura mata shekara guda ta yi jarabawar fita. Shi direba ne, yana jan motar fasinja tsakanin Konni da Malbaza, wani lokaci har Dogarawa. Ciwon bai ja shi da nisa ba. Cikin bazara ne, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa da tsakar rana. Anka kai shi makwancinshi, ƴan gaisuwa sunka watse, ni kuma na shiga takaba.

Ba kwalli, ba lalle, ba turare. Zani guda da mayafi guda, sai wata ƙaramar wuƙa da anka damƙa mini, anka ce kada in raba ta da hannuna ko bayi zan shiga. Ƙofar gida ba tawa ba ce sai watannin sun cika. Murya kuma a ƙasa. Wannan bai yi mini wuya ba, don ni dama tun ina yarinya sai an ce mini "ɗaga murya" kafin a ji abin da na ce. Akwai wata zana a tsakar gidanmu wadda ta raba wurin mata da hanyar zaure. A gindinta nake shimfiɗa tabarma in jingina, tun hantsi har inuwa ta juya. Maza in sun zo gaisuwa, daga wancan gefen suke tsayawa. Ina ganin ƙafafunsu ta ƙasan zanar, su kuwa ba su ganin komi nawa.

Yayar marigayi ce ta zo daga Tajaye ta zauna da ni. Gwaggo yara ke ce mata, ni ma haka nake ce mata. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta ɗauki ɗiyata ranar da anka yaye ta, ta riƙe ta har ta isa shiga lakwal, makarantar boko, sannan ubanta ya je ya ɗauko ta. A shekarar nan idanun Gwaggo sun yi yana. Tana gane mutum da takunshi da tarinshi, amma in ta zuba ruwa a buta, rabi ƙasa ke sha.

Ita ɗiyar tawa ban taɓa kiran sunanta ba. Ta fari ce, kuma haka anka tashe mu. "Ke" nake ce mata, in ina maganarta da wani in ce "ƴar Gwaggo". Gaban mutane ba na kallonta, ba na yaba ta, in ta faɗi tana ƙarama sai in jira wata ta ɗaga ta. Uwata haka ta yi wa yayanmu, har ta koma ga Allah ban ji sunanshi a bakinta ba. Ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba, don ban san akwai wata hanya ba.

Yarinyar tun tana ƙarama hannunta ba ya zama. Gawayi, toka, bangon ɗaki, duk inda ta samu sai ta fito da hoton wani abu. Ubanta ne ya ɗaure mata gindi. In ya yi lodi zuwa bakin iyaka sai ya sawo mata farar takarda da baƙin bik na rubutu mai siririn baki. Da ta shiga lise ta fara yin labari da hotuna. Tana raba takarda gida-gida kamar fangalin albasa, kowane gida da hotonshi, maganar mutane kuma tana fitowa daga bakinsu cikin wani ɗan zagaye kamar kumfa. Ran Asabar sai ta kai takardar siber, wani shago kusa da tasha inda ake biya a zauna gaban odinatar, wato kwamfuta. A can akwai na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta sa shi cikin intanet. Ta ce mutane na gani daga Yamai, daga Dakar, har da wani a Faransa, kuma suna rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashi. Ban gane yadda abin yake ba. Na dai san takardar tana komowa gida tare da ita, amma wai ta tafi.

Da faransanci take rubuta maganar mutanen. Ni kuwa karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa kaɗai, shi ma sai na bi da yatsa. Bayan rasuwar, ban roƙe ta ba, sai na ga ta fara sa Hausa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin kowane hoto. In ta gama sai ta aje takardar a bakin tabarmata kamar mantuwa ta yi, ta shige ɗaki. Ni ma sai in jira ba kowa, in ɗauka.

Labarin wata yarinya ne da ta tsinci laya a tsohuwar jakar kakanta, ta ɗaura, ta ɓace wa idon mutane. A shafukan farko daɗi kawai take ji. Ta shiga kasuwa ta ɗebi ƙosai, ta cire wa jandarma hula, ta hau bayan mai kabu-kabu yana ta waige yana mamakin nauyin babur. Inda yarinyar take tsaye, ɗiyata ɗige-ɗige take yi, siffar mutum amma ba fuska. Wasu ranakun nakan kama kaina ina murmushi, sai in tuna halin da nake ciki in rufe baki da mayafi.

Sai masu karatu sunka taso ta gaba da tambaya. Wata Asabar ta komo fuska a ɗaure, ta zauna kusa da Gwaggo tana tsince shinkafa. Da Gwaggo take magana, amma ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Gwaggo, wai in ta ɓace, tufafinta fa? Su ma sun ɓace, ko za a ga riga na yawo ita kaɗai?"

"Wa ya tambaya?"

"Wani a Dakar."

"Ba shi da aikin yi? Ce mishi ya tahi gona."

"Wata kuma ta ce ƙosan da ta ci, ana ganinshi cikin cikinta? Na Faransa ya fi su duka. Wai in haske na ratsa ta ya wuce, to idonta ma bai tare haske. Ke nan makauniya ce, ba ta ganin kowa."

Gwaggo ta yi dariya har ta koma tari. "To ni ga ni, ba na ganin kowa, kowa na ganina. An cuce ni, rabin laya anka ba ni."

Ban yi niyyar sa baki ba. Amma ubana maharbi ne a wajen Bazaga, na tashi ina kai musu ruwa shi da abokanshi, ina jin hirar layu. Gaskiya ne ko hirar maza ce, Allah kaɗai ya sani. Ban juya ba, da zanar na yi magana.

"Ke, ba haka take ba."

Tsintar shinkafa ta tsaya.

Na ce layar zana ba ta mai yawo ba ce. Sai ka jingina da zana, ko bango, ko itace, ka tsaya cik. Ba jikinka ke zama iska ba. Kana nan da tufafinka, da abin da ka ci, da idonka. Idon mai nemanka ne ke zamewa a kanka, ya ga zana, ya wuce. In ka motsa, ko ka yi tari, ko ka yi magana, an gan ka.

"To mi amfaninta, Inna, in mutum bai iya tahiya?"

"Amfaninta a wuce ki."

"Shi ke nan?"

"Wanda ake bi da gora, hakan ya ishe shi."

Ta matso kaɗan da tiren shinkafar. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da ita ba, kuma da yake ba maganarmu ba ce, ta laya ce, sai bakina ya saki. Na ce kaji na gani, awaki ma na gani. Ubana yakan ce mutum yana zuwa da abin da yake zaton gani, shi ya sa ake ruɗa shi, ita dabba abin da ke wurin take kallo. Na ce kuma ba a daɗewa a cikinta. Ido yana sabawa. In ya saba da tsallake ka, ko ka cire layar haka zai ci gaba da tsallake ka.

Gwaggo ta ce, "Ashe ƙanwata malama ce, muna zaune da ita muna zaton kurma."

Daga makon nan ɗige-ɗige sunka ɓace daga takardar. Sai ka ga zana ta ɗan lanƙwashe a wuri guda kamar an jingina, sawu biyu a kan rairayi, kaji sun karkata kai duk suna duban wuri ɗaya. Mutanen cikin hoton suna wucewa abinsu. Na daɗe ina kallon shafin kafin in gane tsakar gidana ce. Ga butata mai tsagaggen baki, ga kazata mai ɗingishi. Ɗiyata ta ce wa Gwaggo na Faransa ya rubuta cewa yanzu abin ya yi hankali.

Ruwa ya sauka, anka yi shuka, sai wan marigayi ya zo daga Tajaye. Baba Babba yara ke ce mishi. Mutum ne mai tsoron Allah, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Anka aje mishi kujera a wancan gefen zana bayan la'asar, Gwaggo ta laluba ta fita wurinshi. Ina jingine, bayana da bayan kujerarshi bai fi kamu ba. Sunka yi maganar gero da tsutsa, da wanda ya tafi cin rani bai komo ba. Sannan ya gyara murya.

"Yaya, magana guda ta kawo ni. In uwar yara ta fita, ba ki komawa gidan nan ke kaɗai. Kin manta yadda kinka kusa faɗawa murhu? Babbar za ta bi ki. Dama ɗiyarki ce, aro munka ba marigayi don lakwal."

Gwaggo ta ce, "Karatun fa?"

"Ta yi mai yawa. Ta iya karanta takardar likita, ta iya lissafi. Mi ya rage?"

Haka sunka ci gaba, wace rana, wace mota, ina za ta kwana, kamar ba kowa a gidan sai su biyu. Can sai ya ɗan juyo da murya wajen zana.

"Ko uwar yara na da magana?"

Tambayar ladabi ce, kuma na san amsarta tun kafin in yi aure. Mace ba ta jayayya a kan ɗan fari, balle da dangin ubanshi, balle tana cikin takaba. Na ce, "Ai taku ce, Yaya."

Bai ji ba. Gwaggo ce ta maimaita mishi. "Ta ce taku ce."

"Madalla. Allah shi yi albarka."

Ɗiyata tana daka a bayan ɗaki. Na ji taɓarya ta tsaya, ta daɗe a tsaye, sannan ta ci gaba.

A lokacin Tajaye ba lise, ba siber. In ta tafi, shekarar da ta rage ta tafi ke nan, kuma na san yadda irin wannan tafiya take, ana cewa "sai idon ya yi sauƙi", idon kuwa ba ya sauƙi. Ubanta yakan ce ko motar zai sayar sai ta yi jarabawar nan, ko da yake motar ba tashi ba ce. Duk wannan ina da shi a ciki. Amma ga Gwaggo. Tun daga ranar ta sake, tana ƴar waƙa in tana jan carbi ta gaji, tana ba yarinyar labarin awakinta ɗaya bayan ɗaya, wadda ke cin sabulu da wadda ba ta yarda da kowa sai ita. Sau da yawa na shirya magana tun safe, na jera ta a zuciya. Wata rana har na buɗe baki na ce, "Gwaggo." Ta juyo da fararen idanun nan ta ce, "Kin sani, tun da mijina ya rasu ban sake jin numfashin mutum a ɗakina ba. Sai na ɓera." Na ce dama tambaya zan yi ko a ƙara mata fura.

Ita yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Anka yi vakansi, hutun damina, ta wanke kayan lakwal ta ninke. Asabar ba ta fasa zuwa siber ba. Sai dai labarin ya juya. Yarinyar cikin hoto ta ɓuya a gindin zana don wani laifi ƙarami, ta yi barci a wurin, ta daɗe. Da ta farka ta cire layar ta jefar, ta shiga tsakar gida tana magana, ba wanda ya juya. Ana raba tuwo, ba kwanonta. Tana tsaye gaban uwarta, uwar tana miƙa hannu ta gefenta ta ɗauki ludayi. Shafi bayan shafi ba komi sai tsakar gida, da mutane na harkarsu, da kaji sun karkata kai. Na karanta ƙananan baƙaƙen da yatsa. Wani shafin ma ba baƙaƙe.

Damina ta yi ƙarfi. Ruwa ya kore ni daga gindin zana ya maida ni ɗaki, ɗakin kuma yana yoyo a kusurwa. Ina jin ƙarar motoci daga hanya, ina gane masu zuwa Malbaza da yadda suke canza giya a kan tudu, don marigayi ya koya mini. Wuƙar ta yi mini kanta a tafin hannu. Wasu ranakun sai yamma ta yi in tuna ban ce komi ba tun safe in ban da salla.

Wata rana da azahar Gwaggo na barci, yarinyar ta zo ta zauna a bakin ƙofata da takardarta a kan tire. Tana cike inuwar zana da bik, layi bayan layi, ba ta ɗago kai ba.

"Inna, masu karatu sun ce in fito da ita, sun gaji. Ƙaƙa ake fitowa?"

Da na ce ban sani ba, da ta yarda. Amma ubana ya faɗi wannan ma, kuma ban saba yi mata ƙarya ba.

"Sai wadda ta haife shi ta kira shi da sunan yanka."

Bik ɗin ya ci gaba da tafiya.

"In uwar ba ta faɗin sunan fa?"

Na dubi yoyon da ke ɗiga cikin kwano. Na ce, "Ke, je ki duba tukunyar nan kada ta kama."

Ta aje tiren ta tafi. Tukunyar ba ta ko tafasa ba, mu biyu mun sani.

Ranar fita takaba mata sunka cika gida tun da safe. Anka yi mini wanka, anka ba da zanin da mayafin sadaka, wata tsohuwa ta buɗe yatsuna ta ɗauke wuƙar. Hannun ya yi mini wani iri, ina ta dunƙule shi a kan ba komi. Anka sa mini kwalli, anka raba waina. Sannan anka zaunar da ni a tabarmata ta gindin zana, anka kwaɓa lalle anka lafta mini a ƙafafu, anka naɗe da leda da tsumma anka ɗaure tam. Maƙwabciyata mai lallen ta ce, "In kinka taka ƙasa kafin ya kama, ni da ke ne."

Ban san Baba Babba ya riga ya kama wuri a mota ba. Na zaci sai washegari. Na sa a raina in mutane sun watse zan ja Gwaggo ɗaki, mu biyu, in faɗa mata a hankali yadda na iya. Sai ga saƙo daga zaure, wai direba ya ce ba ya jiran kowa, hadari na haɗuwa, a fito.

Yarinyar ta fito da jakarta a ɗaure. Ta durƙusa nesa da ni kamar yadda ta saba.

"Inna, mun tahi."

Mata na kallo. Na kau da kai na ce, "Allah shi kiyaye hanya." Wata ta ce, "Kai, wagga mata akwai kunya." Yabo ne.

Ta ɗora jakar a ka, Gwaggo ta dafa kafaɗarta, sunka zagaya zana. Daga nan sai ƙafafu nake gani ta ƙasa, na Gwaggo suna ja, nata cikin silifa shuɗi da ubanta ya sawo mata. Na yunƙura in tashi, ƙafafuna na cikin leda, sun yi santsi, sun yi nauyi kamar ba nawa ba. Maƙwabciyar ta danne mini gwiwa. "Ina za ki? Zauna!"

Na ce, "Ke!"

Gida cike da mata da ƴan mata. Kowace "ke" ce. Uku ko huɗu sunka juyo suna tambaya ko ruwa nake so. Silifa shuɗi bai tsaya ba, ya kusa bakin zaure.

Sai na kira sunan. Na farko bai fito ba, iska ce kawai ta fita. Na biyu ya fito da wata murya da ban san ina da ita ba, har kaji sunka watse.

Gidan ya yi tsit. Wata ta ce, "La'ilaha! Yau mi muke ji?"

Ƙafafun sunka tsaya. Sunka juyo. Ta zagayo zanar da jakar a kanta, Gwaggo na biye, ta tsaya gabana. Na dube ta a fuska, gaban kowa. Goshin ubanta ne sak. Akwai wani ɗan tabo a haɓarta da ban san lokacin da ta same shi ba.

Na ce, "Aje kayan nan. Lakwal za ki koma."

Ba ta aje ba, ba ta kuma tafi ba. Hawaye ne ke zuba, hannuwanta duka biyu na riƙe da jaka, ba ta da na shafewa.

Gwaggo ta ce, "Ashe kin san sunan."

"Na sani, Gwaggo."

"Na zaci ni kaɗai na riƙe shi."

Daga zaure Baba Babba ya ɗaga murya. "Mi ke faruwa? Uwar yara, ba ke kinka ce tamu ce ba?"

"Na faɗa, Yaya. Kunya na ji. Ku gafarce ni." Muryar ta riga ta koma ƙasa inda ta saba, amma gidan shiru ne, kowa ya ji. Na ce, "Gwaggo, ki zauna nan wurinmu. Ni in ja ki duk inda za ki. Shekara guda ce."

"In bar ɗakina da awakina in zauna ina shan hayaƙin babur? Watannin nan ina gefenki, bakinki na nan, ba ki faɗa ba sai yau da kinka tara mini mutane."

Gaskiya ta faɗa. Ta ɗauke hannunta daga kafaɗar yarinyar, a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta ce a miƙo mata sandarta. Sannan ta kira ƙanenta ta ce, "Zo ka ja ni, mota na jira."

Yarinyar ta raka su har tasha, ta riƙe wa Gwaggo ƙullinta, ta komo ita kaɗai ruwa na dukanta. Kafin nan matan sun watse, wasu ko sallama ba su yi ba. Lallen bai kama da kyau ba, gefe guda ja, gefe guda kamar tsatsa. An daɗe ana maganar a unguwa, wai rana guda na fita takaba na fita kunya. In na shiga gidan suna sai hira ta ɗan tsaya.

A Tajaye jikar wani maƙwabci ce ta riƙa ɗebo wa Gwaggo ruwa, wata rana ta zo, wata rana ba ta zo ba. Duk vakansi ɗiyata na can, Gwaggo na karɓarta hannu biyu, amma in ta tashi komowa ba a ba ta gaisuwa gare ni. An daɗe a haka. Sai wata shekara da kaka yarinyar ta komo da ƙullin daddawa ta aje gabana ta ce in ji Gwaggo. Ba wata magana a kai. Na sa a miya har ya ƙare.

Fitata ta farko bayan takaba, ba gidan kowa na je ba. Ran Asabar ɗiyata ta sa takalmi ta tsaya a bakin ƙofa tana jirana, ni ma na ɗauki mayafi. Hanya ta yi mini faɗi, ina ta bin gefen bango. Siber ɗin ɗan ɗaki ne mai zafi, da fanka guda, da samari na kallona suna mamakin abin da ya kawo ni. Ta jawo mini kujera ta danna wasu abubuwa, munka jira, munka jira, hoton ya fara saukowa daga sama kaɗan-kaɗan. Zana ta fito, kaji sunka fito, sannan yarinyar, da fuska, da goshi, da ɗan tabo a haɓa. A gefe ga uwar a zaune ƙafafu a naɗe, baki buɗe. Kumfar maganar tana nan babba, amma ba ta rubuta komi a ciki ba.

Ta gangara ƙasa tana karanta mini abin da mutane sunka rubuta, tana maida shi Hausa. Na Dakar ya ce ya ji daɗi. Wata a Yamai ta ce ta tuna da uwarta. Sai ta tsaya da karatun tana cije leɓe.

"Mi ya ce?" na tambaya, don na san na Faransa ne.

"Wai ƙarshen ya yi sauƙi da yawa. Wai duk wannan wahala, ashe kiran suna ne kawai, da tun farko sai uwar ta kira a huta."

Na gyara mayafina. Na ce, "Ke, ce mishi ya zo Konni ya gwada."

Ta yi dariya har mai shagon ya ɗago kai, sannan ta sa yatsu a kan baƙaƙen ta fara rubuta mishi.